Guduma a Cikin Kujera

Zuwa ga 'Yar Gaggawa,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Mu nan kalau muke, in aka cire bayan nan nawa, wanda yanzu in na durƙusa gaban kujera sai na nemi izininsa kafin in miƙe. Gwaggonki tana gaishe ki. Ta ce in faɗa miki ciwon ƙafarta ya yi sauƙi, ni dai ban ga alama ba, tunda har yanzu ni ake aike kasuwa.

Kin san ni da danne-dannen waya ba ma ga-maciji, shi ya sa na ɗauki biro. Direban motar kayan da ke shiga garinku duk Talata ya ce zai riƙa kai miki, ya kawo mini amsa.

Shekaranjiya ina zaune bakin shago ina korar ƙuda, sai mai gyaran waya, maƙwabcina, ya leƙo da waya a hannu. Ya ce, "Malam, wannan ba 'yarka ba ce da ta yi zama a nan?" Na sa tabarau na duba, sai ga ki a bidiyo, almakashi a hannu, kina koya wa duniya yadda ake gane soso mai kyau. Ke! Ke da kika taɓa yanka yadin mutane a karkace sau biyu a wuni ɗaya, har na laƙaba miki sunan da ya bi ki. Ya ce mutum dubu goma sha biyu ke bin ki. Na ce, bin ta zuwa ina? Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ba a nan kika tsaya ba, kina da wani shafi daban inda kike rubuta labarin kowace kujera da kika gyara, mutane suna karantawa kamar jarida, kuma wai sai mutum ya jira wata biyu kafin layi ya zo kansa.

Na taya ki murna, kar ki ce ban taya ba. Ni da mahaifiyarki iyayenmu mata ne kawai 'yan'uwa, amma ranar da ta kawo ki shagon nan bayan kin gama makaranta ban ɗauke ki 'yar nesa ba. Shekara biyu kika yi a gabana. Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba, ranar abincin rana bai wuce mini da daɗi ba. Shekara talatin da ɗaya ina gyaran kujeru, kuma a watan nan uku kacal suka shigo, ɗaya ma ta maƙwabciya ce, ƙafa kawai na ɗaure mata.

Masana'antar kujerun nan ta bayan gari sun aiko. Manajansu yana so in zo in riƙe musu ɓangaren gyara. Can babu ɗaure sifirin, ƙarafan nan na cikin kujera, da igiya, babu ɗinkin hannu. A cusa soso, a ja yadi, a harba bindigar ƙusa, kujera goma sha biyu a wuni. Ya ba ni zuwa ƙarshen watan gobe in ba shi amsa. In na ce to, na rufe shagon ke nan, kuma da shekaruna ba na jin zan sake buɗewa. Gwaggonki ta ce in karɓa in huta da zaman jira.

Ba koyarwa nake nema ba, kar kanki ya kumbura. Tambaya ce kawai. Me kike ba mutanen nan suke bin ki?

Kawunki.

* * *

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso tana warin man mota. Na karanta ta sau uku, na farko ina dariya, na uku kuwa ban yi ba. Muna nan lafiya. 'Yan biyu sun fara haƙori tare kamar sun haɗa baki, saboda haka babu mai sakat a gidan. Ka gaishe da Gwaggo, ka ce mata ta ci gaba da aiken ka kasuwa, tafiyar tana yi wa bayan amfani.

Kawu, yadin nan sau ɗaya na yanka a karkace. Na biyun kai ka ba ni awo ba daidai ba, amma na yafe.

Ka tambayi abin da nake ba su. Wallahi babu komai sai abin da kai ka ba ni. Kai kana yin aikin ka rufe shi da yadi, ni kuwa ina nuna shi kafin in rufe, shi ke nan bambancin. Lokacin da aure ya kawo ni garin nan babu wanda ya san ni. Wata huɗu na yi zaune da keken ɗinki a baranda, ko kyanwa ba ta leƙo ba. Sai na fara ɗaukar hoton kujera ranar da ta zo, a yage, soso a waje, in sake ɗauka ranar da za ta koma gida. Mutane suna son ganin abin da aka fid da rai a kansa ya tashi. Daga baya na lura sun fi tsayawa in na ba da labarin kujerar: wa ya saya, wa ya yi jinya a kanta, wa ya huda ta da biro. Shi ne na buɗe shafin rubutun. Amfaninsa, in wani ya shiga intanet neman mai gyaran kujera, rubutun ne ke jawo shi wurina, ko da na yi shi shekara biyu baya.

To ka saurara, ko da ba koyarwa kake nema ba. Ka sa mai gyaran waya ya buɗe maka shafi da sunan shagonka da lambarka. Hoto da safe ake ɗauka, ka jawo kujerar bakin ƙofa inda haske yake, ka kawar da bokitin nan da matacciyar fanka daga baya. Sau uku a mako, ko da aiki ko babu. In babu, ka nuna hannunka kana ɗaure sifirin. Duk wanda ya zo karɓar kujerarsa ka roƙe shi ya rubuta kalma biyu a shafin. Wanda ya yi tambaya ka amsa masa a ranar, ko da tambayar wauta ce, kuma ban da faɗa, don na san ka. Sannan ka riƙa ɗaga waya, Kawu. Ina ganinta daga nan, tana aljihun rigar da ka rataye a ƙusa tana ta kuka, kai kana can kana neman fensirin da ke bayan kunnenka.

Maganar masana'anta ta tsaya mini a rai. Don Allah kar ka ba su amsa tukuna, ka ba ni watan nan. Na kasa kwatanta shagon nan a rufe, da warin gam ɗinsa da rediyon da sai an mare shi yake magana.

Taka,
'Yar Gaggawa, sunan da har maigidana ya kwasa.

* * *

Zuwa ga Malama mai dubu goma sha biyu,

Sallama da gaisuwa. Lafiyarmu lau, bayan yana nan yadda kika bar shi. A shafa mini kan 'yan biyu, a ba su abu mai sanyi su ciza.

Na bi umarni. Mai gyaran waya ya buɗe shafin, ya sa hotona a kai, hoton da na fito kamar wanda aka kama da kayan sata. Yau kwana goma sha shida. Mutum tara ke bi na: shi mai gyaran wayar, matarsa, Gwaggonki, ke, da wani mai tallar maganin ƙiba da ban san shi ba. Sauran huɗun ina zargin duk mai gyaran wayar ne, don tausayi.

Na jawo kujera bakin ƙofa, na kawar da bokiti. Na yi bidiyon ɗaurin sifirin, minti ashirin da biyar, ban tsallake ƙulli ko ɗaya ba. Mutum uku suka kalla. Ke kuwa a ranar kika sa bidiyon da bai fi tsawon atishawa ba, kina ɓare tsohon yadi kawai, mutum dubu shida suka kalla. Ɓare yadi! Abin da ko akuya za ta iya in aka bar ta da kujera. Na daɗe ina kallon lambar nan har shayina ya huce.

Wata ta tambaya ko ina yin labule. Na ce mata ta karanta allon shagon. Wannan ai amsa ce, kar ki ce faɗa.

Akwai abin da ke ci na, gara in amayar. Na sa mai gyaran waya ya bi mini bidiyoyinki ɗaya bayan ɗaya, wuni guda muka yi. Na ga ɗaurin sifirin nawa mai ƙulli takwas. Na ga naɗin kusurwa, wanda na yi mako uku ina gyara miki hannu a kai. Na ji har maganata a bakinki, cewa daga ƙasa ake duba kujera. Mutane suna ta rubuta "sannu gwana", "Allah ya ƙara basira". Ko sau ɗaya ban ji kin ce ga wanda ya koya miki ba, kamar daga sama kika faɗo da almakashi a hannu.

Kin san ƙa'idar da na gada wurin malamina. Duk kujerar da mutum ya gyara, kafin ya rufe sai ya zana alamarsa da fensir a jikin katakon ciki, da shekarar, don wanda zai buɗe nan gaba ya san hannun wa ya wuce. Tawa ƙaramar guduma ce. Ke kika zaɓi allura ranar da na yaye ki. Mu dai ba mu saba ɓoye hannun da ya riga namu ba.

Manajan ya sake aikowa. Saura mako uku.

Kawunki mai mutum tara.

* * *

'Yar Gaggawa,

Gaisuwa. Muna lafiya, in har kina son sani.

Talata biyu ke nan babu amsa. Direbanmu yana kwance ba lafiya, wani ke jan motar, kuma duk zuwa sai ya ce ba a ba shi komai ba. Na gane. Mai dubu goma sha biyu ba ta da lokacin mai tara.

Ashe amsar a shafi kika ba ni. Ranar Asabar mai gyaran waya bai fito ba, na buɗe wayar da kaina, sai ga hoton wata kujera a gabana. Yadi ya ruɓe, auduga ta zubo, an kifa ta an haska cikin, ga gudumata ɓaro-ɓaro a jikin katako, ga shekarar, goma sha tara baya. A ƙasa kin rubuta: "Yau na buɗe kujerar da ta sa na ajiye almakashi na zauna a ƙasa. Ku dubi yadda ta zo mini. Wanda ya yi mata aiki kafin ni", daga nan sai ɗigo uku. Ba ki ma iya ƙarasawa ba, kin bar wa mutane su cike da kansu. Mutum dubu tara sun gani.

Na roƙe ki ki ambace ni, sai kika ambace ni da tsumma. Kin mai da aikina hoton yadda kujera ta zo, don naki ya zama na yadda ta koma. Raina bai taɓa ɓaci irin na ranar ba.

Ban jira direba ba. Akwai ɗan akwatin rubutu a ƙarƙashin hoton, inda mai gyaran waya ya taɓa ce mini nan ake yi wa mai shafi magana. Da yatsa ɗaya na rubuta miki, ya ci mini awa guda. Tunda ban sani ba ko saƙon ya iso ki, ga shi na sake:

"Ni ne mai gudumar. Ni na koya miki riƙe almakashi, na san hannunki. Ɗinkinki har gobe a karkace yake, hoto ne ke rufa miki asiri. Ki kifa taki kujerar su gani in kin isa. Masu kawo miki aiki ba su san kujera ba, da sun sani da ba su jira wata biyu ba."

Wannan tsakanina da ke ne, ko Gwaggonki ban faɗa wa ba. Na ga kiranki har sau bakwai tun daga ranar. Ina kallon wayar tana kuka, da gangan na bar ta. Wata baƙuwar lamba ma ta dame ni tun kafin nan, ita ma na ƙyale ta, na san 'yan talla ne.

Kawunki, in har yanzu ni ne.

* * *

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Zazzaɓin haƙori ya kai mu asibiti ranar Asabar ɗin nan, amma yaran sun warware.

Kawu, akwatin nan ba takarda ba ce a cikin ambulan. Abin da ka rubuta ba ni kaɗai na karanta ba. Duk wanda ya ga hoton ya gani, da sunan shagonka da fuskarka a gefe. Ina layin asibiti da yara biyu a jiki, ban duba waya ba sai bayan awa biyar. Kafin in goge, an riga an ɗauki hotonsa ana yawo da shi. Shi ya sa na yi ta kiran ka.

Ɗigo ukun nan kuma ba ni na sa ba. Wayar ce ke yanke dogon rubutu, ta sa "ƙara karantawa" da ƙananan haruffa a gefe. Da ka taɓa wurin, ga abin da za ka gani:

"Wanda ya yi mata aiki kafin ni shekara goma sha tara ke nan, kuma yadin ne kawai ya mutu. Na ja kowane sifirin, ko ƙulli ɗaya bai saki ba. Ban taɓa komai a ciki ba, don ba ni da abin ƙarawa. Kun ga gudumar nan? Hannun Kawuna ne. Shi ya koya mini duk abin da kuke yaba mini a kai, kuma har yau ban kai rabinsa ba. Yana nan, shagonsa a buɗe. Ga lambarsa."

Mai kujerar wata dattijuwa ce, tsohuwar shugabar makaranta, da ta dawo garin nan da zama. Daga otal ɗin mahaifinta ta ɗauko ta, wanda ke kusa da tasha a garinku, ƙaninta ke riƙe da shi yanzu. Akwai irinta arba'in a can, duk suna neman sabon yadi. Kai ka yi su, ƙila ka manta. Na nuna mata cikin kujerar, ta kira ƙanin a gabana, ya ce wanda ya yi su shi zai sake yi. Aikin wata huɗu ne a hannunka, kuma otal ba ya rabuwa da gyaran kujera. Baƙuwar lambar da ka ƙyale tasa ce.

Ranar Lahadi dattijuwar ta zo da kanta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "'Yata, mutumin da zai yi wa 'yarsa haka a gaban jama'a, ranar da muka saɓa da shi me zai rubuta a kan otal ɗinmu?" Na roƙe ta har na ji kunyar kaina. Ƙanin ya bai wa masana'anta aikin.

Ni ma mutum uku sun kwashe kujerunsu, wani kuma ya zo ya ce in kifa tasa ya gani. Na kifa. Wannan zai wuce, na sani. Abin da ya ƙi wucewa shi ne "hoto ne ke rufa miki asiri". Shekara shida ina jiran ranar da za ka ga aikina ka ce ya yi. In ɗinkina a karkace yake, da ka faɗa mini a takarda in gyara, kamar da. Na gane kishi kake yi da ni tun takardar farko, na yi ta dariya don na ɗauka na wasa ne.

Direba ya warke. Ya sami amsar da na ba shi tun mako uku baya a aljihun rigarsa, ya dawo mini da ita yana ba da haƙuri. Na so in yaga, sai na fasa. Ga ta nan a haɗe.

'Yarka.

* * *

Kawu mai mutum tara,

Ina rubutu a tsaye, direba yana ta danna hon. Lafiya lau muke. Bidiyon minti ashirin da biyar! Kawu, ko ni da nake ƙaunarka sai da na tsallake tsakiya. Ka yanke shi zuwa ƙulli ɗaya. Mai labule kuma ka koma ka ba ta haƙuri.

Ka ce ban taɓa ambaton ka ba. Ka manta ranar da zan tafi na ɗaga waya in ɗauke ka hoto, ka ce in na kuskura na sa sunanka ko fuskarka a abin nan ba ni ba kai? Shekara shida ina bin umarni, bakina yana ƙaiƙayi. Amma duk kujerar da ta fita daga hannuna, ka sa a buɗe ka gani. Guduma nake fara zanawa, sannan allura a ƙarƙashinta.

Tunda yanzu da bakinka ka nema, to ka shirya. Wata kujera ta shigo jiya, ba zan faɗa maka komai ba. Ka duba shafina nan da 'yan kwanaki, kuma ka taɓa inda aka rubuta "ƙara karantawa", don rubutun zai yi tsawo. In baƙuwar lamba ta kira, don Allah don Annabi ka ɗaga. Kar ka ba manajan nan amsa!

'Yar Gaggawarka.

* * *

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Ina fata 'yan biyu sun murmure sarai, ke da maigidanki kuma kuna lafiya. Mu ma da sauƙi. Bayan nan nawa ya sami abokin hira, kafaɗa ta shigo, don bindigar ƙusa tana da duka.

Mako biyar ke nan takardunki biyu suna aljihuna. Na fara amsa ya fi sau goma ina yagawa. Gwaggonki ta ji labarin a bakin matar mai gyaran waya. Kwana uku abinci kawai take dire mini ta juya.

Na je otal ɗin da ƙafata. Ƙanin ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwa, ya ce an riga an sa hannu da masana'anta. Ranar ƙarshen wata na rufe shagon. Mai gyaran waya ya karɓi wurin ya faɗaɗa nasa. Rediyon na kai gida.

Litinin ɗin da ta wuce mota ta tsaya a ƙofar ɓangarena a masana'anta. Tun kafin a sauke kujerun na gane ƙafafunsu, na otal ɗin nan ne. Arba'in cif. Manajan ya ce a fid da duk abin da ke ciki, sifirin da igiya, a cusa soso, kwana huɗu ya ba ni. Na ce masa cikin lafiyarsa lau, yadi kawai suke so. Ya ce, "Malam, nan ba ma wasa da igiya. Wa zai gani?" Na kifa ta farko na ɓare, ga guduma tana kallo na. Na sa wuƙa na yi ta yanke ƙullin da na ɗaure lokacin bayana yana da ƙarfi. Gaskiyarki, ko ɗaya bai saki ba, sai da na yanka.

Ɗinkinki ba a karkace yake ba. Na san haka a lokacin da nake rubutawa. Wunin nan da muka yi muna bin bidiyoyinki kuskure nake nema, ban samu ba, kuma rashin samun ne ya ƙona ni. Naɗin kusurwarki ya fi nawa tsafta. Aikinki ya yi. Na rubuta haka jiya a akwatin nan, wannan karon na san kowa zai gani, mai gyaran waya yana tsaye a kaina ya karanta sau biyu kafin ya bar ni in danna. In kin ga dama ki bari, in kin ga dama ki goge. Ki yafe mini.

Kar ki ɗauka na warke. Mai gyaran waya ya ce mabiyanki sun kai dubu goma sha biyar, na ji wani abu ya soke ni a ƙirji kafin in ce madalla. Nawa sun koma takwas, mai maganin ƙiba ya gaji ya tafi.

Nan ba a zana alama, kuma ban ga abin da zan sa wa hannu ba. Amma ta ƙarshen, ta arba'in, na faki idon manaja na bar mata cikinta yadda yake, na ja sabon yadi kawai, kamar yadda kika yi wa 'yar'uwarta. Tunda ke kika fara cewa kar a taɓa, kafin in rufe na ciro fensir na zana allura a saman tsohuwar gudumar. Ta ɗan karkace.

Wayar tana aljihun gabana yanzu. In kin kira zan ɗaga.

Kawunki, wanda ya fi ki cancanta da sunan da ya laƙaba miki.